Fashin baƙi: Faransa na tumɓuke gonakin inabi, me ya sa na Condrieu ke ƙara daraja?

Yaya aka yi ƙasar da ke biyan manomanta kuɗi su tumɓuke kurangar inabi, ita ce kuma ke da wani ɗan yanki da ake rububin gonakinsa, har kwalba ɗaya ta giyarsa take cin kuɗin kwalba goma ta wani wurin? Tambayar ta taso ne tun 2023, lokacin da gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 domin a kwashe giyar da ta yi kwantai a tace ta, a mayar da ita sinadarin masana'antu irin na wanke hannu da haɗa turare. A 2024 aka sake ware miliyan 120, duk manomin da ya yarda ya cire inabinsa a ba shi Yuro 4,000 kan kowace hekta. Mutane da yawa da suka ji labarin sun ɗauka Turawa sun gaji da giya, sana'ar ta mutu ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar ba ta tsaya nan ba.

Bari in faɗa tun da wuri: giya haramun ce a Musulunci, akasarin masu karanta wannan ba sa kusantarta, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne noma da doka da kasuwa, wato yadda wasu 'yan tsirarun manoma suka mayar da sunan garinsu kadarar da ba mai iya ƙwace musu. Irin dokar da ta ba su wannan dama ita ce yau ake ƙoƙarin kare albasar Galmi da kilishin Nijar da ita.

Ina ne Condrieu, kuma mece ce farar giya?

Condrieu ƙaramin gari ne a gaɓar yamma ta kogin Rhône, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Lyon, gaba kaɗan da garin Vienne. A wajen doka sunan ya haɗa gonakin da ke kan gangaren tsaunuka na ƙananan hukumomi bakwai da ke jere a bakin kogin, tun daga Condrieu ɗin kansa har zuwa Limony. Duka-duka gonakin ba su fi hekta 200 da 'yan kai ba. Yankin Bordeaux, wanda kowa ya san sunansa, yana da kusan hekta dubu ɗari.

Farar giya ba fara ba ce fat, ruwan ɗorawa-ɗorawa take. Abin da ya raba ta da ja shi ne ɓawo. Idan fara za a yi, sai a matse inabin a raba ruwan da ɓawon kafin ya tsima. Idan ja ce, ana barin su tare, launin daga ɓawon yake fitowa. A duka biyun yisti ne ke cinye sukarin da ke cikin ruwan ya mayar da shi barasa, kuma ta Condrieu takan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, kusan ninki uku na giyar hatsi ta kwalba. Mai sa maye ce sosai, kada wani ya ɗauke ta lemon inabi.

Irin inabi ɗaya tak doka ta yarda a shuka da sunan Condrieu, shi ne Viognier. Masu sana'ar suna yabonsa saboda ƙamshi, amma manomi ya san shi da wahala. Ba ya yawan 'ya'ya. Idan iska ko ruwa ya zo a lokacin fure sai furen ya zube. Fumfuna na saurin kama shi. Lokacin tsinkarsa kuma ƙanƙani ne: a yi gaggawa a samu ba ƙamshi, a yi jinkirin 'yan kwanaki sukari ya yi yawa, ɗan tsamin da ake buƙata ya gudu.

Me ya sa sunan gari ake rubutawa a jikin kwalba?

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1860 wani ƙwaro dangin darɓa mai suna phylloxera ya shigo Faransa daga Amurka, yana cin saiwar inabi ta ƙarƙashin ƙasa, kafin manomi ya farga kurangar ta bushe. Cikin shekara talatin ya lashe akasarin gonakin ƙasar. Maganin da aka gano daga baya shi ne aure, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Faransa a ɗora shi kan gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau kusan duk inabin Turai a kan irin wannan gindi yake tsaye.

Kafin gonakin su farfaɗo, kasuwa ta cika da jabu. Ana haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi a sayar da sunan giya, ana kuma liƙa sunan garuruwan da suka yi fice a kan kayan da ba su taɓa zuwa can ba. Turawan mulkin mallaka suka dasa inabi mai yawan gaske a Aljeriya, har ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giya a duniya kafin ta samu 'yanci a 1962, kuma mafi yawanta a Faransa ake gauraya ta da ta gida. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman kudancin Faransa suka fito zanga-zanga dubbai ɗaruruwa, sojoji suka buɗe wuta a garin Narbonne, aka rasa rayuka.

Daga wannan rikici aka haifi dokar 1935 da ta kafa tsarin da ake kira AOC a taƙaice, tare da hukumar da ke kula da shi, wadda yanzu ake kira INAO. Ma'anar tsarin ita ce sunan wuri mallakar masu noma a wurin ne baki ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, kuma ba a amfani da shi sai an cika sharuɗɗa. Akwai kundi da ke fayyace iyakar gonakin fili bayan fili, da irin da za a shuka, da yawan amfanin da aka yarda a ɗiba a kowace hekta. A Condrieu iyakar tana wajen lita dubu huɗu, alhali manomin fadama a kudu yana iya ninka haka. Condrieu ta samu wannan shaida a 1940.

Tunanin da ke ƙarƙashin dokar shi ne abin da Faransawa ke kira terroir: cewa ƙasa da iska da rana da hannun mutanen wuri suna barin alama a jikin amfanin gona, alamar da ba a iya kwaikwayo a wani wuri. Masana na jayayya kan iyakar gaskiyar wannan. Manomin Bahaushe dai ba zai yi mamaki ba, don ya san iri ɗaya kan ba da ɗanɗano biyu a ƙasa biyu.

Yadda saura ƙiris Viognier ya ɓace daga duniya

Takardar shaida ba ta noma gona. Shekara ashirin da wani abu bayan Condrieu ta samu nata sunan, gonakin sun kusa ƙarewa. A ƙarshen shekarun 1960 duk Viognier da ya rage a Faransa bai wuce hekta 14 ba, kuma a lokacin kusan ba a shuka shi a wata ƙasa.

Dalilin yana jikin gonakin. Gangare ne na dutse mai tsananin miƙewa, an sassare shi hawa-hawa, kowane hawa an tare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Wani hawan bai fi layi biyu ko uku na kuranga ba. Tarakta ba ta hawa. Kowace kuranga tana da turkenta da ake ɗaure ta a jiki saboda iskar da ke bin kwarin. Ƙasar saman ba ta da kauri, ruɓaɓɓen dutse ce mai ƙyalli, idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai ta gangaro gindin tsauni, a bi ta da kwando a mayar da ita sama. Ranar girbi ma haka: mai tsinka yana tsaye ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, a cika kwando a goya a baya, a hau ko a sauka ta matakalar dutse, ko a ja shi da igiyar inji. Aikin da tarakta ke gamawa a yini ɗaya a fili shimfiɗaɗɗe, a nan sai mutane da yawa sun yi kwanaki a kai.

Yaƙin Duniya na Farko ya cinye samarin ƙauyukan. Bayan na biyu kuma masana'antun sinadarai suka bunƙasa a ƙetaren kogin, suna biyan albashi duk ƙarshen wata. Wa zai zauna yana hawan dutse a kan giyar da ba ta da farashi? Waɗanda suka tsaya a noma suka koma kayan lambu da itatuwan marmari a fadama. Katangu suka rushe, ƙaya ta rufe hawa-hawan, masu gine-gine suka fara neman gangaren domin gidajen ma'aikatan Lyon masu son hangen kogi. Ɗan abin da ake samarwa a yankin ake shanye shi, musamman a gidan abincin La Pyramide da ke Vienne, wanda mashahurin mai girki Fernand Point ya ɗaukaka.

Abin da Georges Vernay ya yi

Georges Vernay ya karɓi gona daga mahaifinsa Francis a 1953, ɗan fili ne da bai kai hekta biyu ba a gangaren da ake kira Coteau de Vernon, a tsakiyar garin Condrieu. Lokacin da maƙwabta ke sauka daga dutse shi hawa ya yi. Ya riƙa sare dajin da ya cinye tsofaffin hawa-hawa, yana sake jera katangu, yana dasawa. Kurangar inabi sai ta shekara uku kafin ta fara ba da abin kirki, saboda haka duk hektar da ya gyara jari ne da ya binne ba tare da tabbacin mai saye ba.

Amma a ganina ba gonarsa ba ce babban aikinsa. Ya shugabanci ƙungiyar manoman Condrieu na kusan shekara 30, kuma a nan ne ya nuna ya fahimci abin da dokar 1935 take nufi: sunan na kowa ne, idan maƙwabcinka ya sayar da kaya maras kyau da sunan, kai ma ya taɓa ka. Ya ja hankalin matasa su dawo, ya yi tsaye a kan kada a bar gangaren ga masu gini. A shekarun 1980 sabbin hannu suka shigo, irin su André Perret da Yves Cuilleron da François Villard, wanda asalinsa mai dafa abinci ne, sannan babban kamfanin Guigal na garin Ampuis ya kai sunan kasuwannin waje.

Sai jarrabawa ta zo. Da farashi ya fara tashi, wasu suka ga ai a saman tsaunin akwai fili shimfiɗaɗɗe da tarakta ke iya shiga, ga sauƙi ga yawa. Matsalar ita ce can sama ya fi sanyi, inabin ba ya nuna yadda ya kamata. A 1986 aka sake shata iyakar yankin, aka fitar da duk filin da ya haura mita 300 daga doron teku. Manoma ne da kansu suka yarda a rage musu filin da za su iya cin kuɗin sunan a kai. Wanda ya shuka a can sama yana nan yana sayarwa, amma da wani suna mai rahusa, Collines Rhodaniennes. Wannan mataki shi ne ya fi burge ni a duk labarin, domin abu ne mai wuya ƙungiyar masu sana'a ta toshe wa 'ya'yanta hanyar kuɗin da ke gabansu saboda ribar da sai 'ya'yansu za su gani.

'Yar Vernay, Christine, wadda ke koyarwa a Paris, ta dawo gida ta karɓi ragama a tsakiyar shekarun 1990. Ta daina amfani da maganin kashe ciyawa, abin da a irin wannan gangare yake nufin komawa ga fartanya, ta kuma ƙara bunƙasa jar giyar da gidan ke yi ta maƙwabtan yankuna, Côte-Rôtie da Saint-Joseph. Georges Vernay ya rasu a 2017. Kafin rasuwarsa ya ga irin da ya kusa ɓacewa ya bazu zuwa kudancin Faransa da Kalifoniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Chile, fiye da hekta dubu goma a duniya. Kowa na iya shuka Viognier ya rubuta sunan irin a kwalbarsa. Condrieu kuwa ba mai rubutawa sai masu waɗancan hekta 200.

To su wa ake tumɓuke wa gonaki?

A farkon shekarun 1960 abin da Bafaranshe ɗaya ke sha a shekara, idan aka raba, ya haura lita 120. Yau yana wajen lita 40. Giyar da ta ɓace ita ce ta yau da kullum, ja mai araha da lebura da manomi ke korawa da abincin rana. Sai a 1956 ma aka hana ba wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu. Matasan yanzu sun fi karkata ga giyar hatsi ko su bari gaba ɗaya, masu sha kuma suna sha jefi-jefi, sun fi neman fara da mai tsada.

Saboda haka wanda guguwar ta kayar shi ne mai noman ja na talaka a gefen Bordeaux da yankin Languedoc, wanda ke sayar wa dillali da tanka a farashin da bai mayar da kuɗin noma ba. Kasuwar Sin da ta riƙa ɗibar jar giyar Bordeaux ta ja baya. Amurka, babbar mai saye, ta sa harajin kashi 25 a 2019 saboda rikicin tallafin jiragen sama, aka janye a 2021, sannan a 2025 wani na kashi 15 ya hau kayan Tarayyar Turai. Mai hekta biyar a Condrieu yana jin wannan, amma kayansa kaɗan ne, masu nema sun fi su yawa, kwalba takan fara daga wajen Yuro 40, ta Coteau de Vernon kuma ta haura 100.

Ba kowa ke yabon tsarin ba

Masu goyon baya suna cewa ba don AOC ba da yanzu gangaren Condrieu gidaje ne da ƙaya, kuma tsarin ya riƙe iyalai a ƙauye da aikin da inji ba zai ƙwace ba. Masu suka suna da hujjoji uku da ban ga yadda za a yi watsi da su ba.

Na farko, idan suna ya yi tsada ƙasa ma sai ta yi. Saurayin da ba ɗan gado ba ba ya iya sayen ko rabin hekta, magada kuma wani lokaci sai sun sayar kafin su biya harajin gado. A tsakiyar yankin akwai wata gona mai hekta uku da rabi, Château-Grillet, wadda ita kaɗai take da nata AOC tun 1936. Iyali ɗaya ne suka riƙe ta tun ƙarni na 19, amma a 2011 hamshaƙin attajirin nan François Pinault ya saye ta. Dokar da aka yi don ƙaramin manomi tana iya ƙarewa a aljihun mai kuɗi. Na biyu, masu tsinka da goyon kwando 'yan ƙwadago ne na ɗan lokaci, da yawansu baƙi, kuma ladansu ba ya bin farashin kwalba.

Na uku shi ne lafiya, kuma ya fi sauran nauyi. Hukumar lafiyar al'umma ta Faransa ta ƙiyasta cewa barasa na kashe mutum 41,000 a ƙasar duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadiyyarta a duniya, kuma a 2023 ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce shan sa ba shi da illa. Tun 1991 dokar Évin ta taƙaita tallar barasa a Faransa, masu inabi kuma ba su daina neman a sassauta ba, suna cewa nasu al'ada ce da gado. Likitoci na amsa musu da cewa hanta ba ta san asalin kwalba ba. Kyawun gangare da tarihin Vernay ba sa canza wannan ko kaɗan.

Ga kuma yanayi. Girbi ya matso gaba da mako biyu zuwa uku idan aka kwatanta da shekarun 1980. Ɗumin ƙarshen hunturu yana sa kuranga ta yi toho da wuri, sai sanyi ya dawo ya ƙone tohon. Haka ya faru a farkon Afrilun 2021, manoma suka kwana suna kunna gwangwanayen kyandir a tsakanin layuka don ɗaga zafi ko da digiri ɗaya ko biyu ne, duk da haka asarar ta yi muni a Condrieu da kewaye. Filayen saman da aka fitar a 1986 saboda sanyi, yau sanyin nasu ya fara zama abin nema ga irin da zafi ke saurin ɓatawa.

Ina ruwan mai albasa a Galmi?

Tsarin da Faransa ta fara da giya da cuku ya zama na duniya, ana kiransa alamar asalin wuri. A Afirka ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yaoundé, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha na ƙasashe 17, ita ke rajistarsa ga mambobinta. A 2013 ta fara da masoron Penja da farar zumar Oku a Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta a Gini, kuma farashin masoron Penja ya tashi sosai bayan haka. Daga baya Nijar ta samu irin wannan shaida ga kilishinta da albasar Galmi ta jihar Tahoua.

Ba don ado aka nemi shaidar ba. An taɓa samun wani kamfanin iri na waje da ya nemi rajistar sunan albasar Galmi a matsayin nasa, sai da manoman Nijar suka tashi tsaye kafin ya janye. Kuma duk wanda ya san kasuwar albasa ya san ba kowane buhu da ake kira na Galmi ne ya fito daga can ba.

Abin da Condrieu ke nunawa shi ne takardar ita ce mafi sauƙin samu. Manomanta sun samu tasu a 1940 amma suka kusa mutuwa da ita a hannu, sai da aka samu ƙungiyar da ke iya ce wa ɗanta a'a, da masu bincike da ke zagaya gonaki, da mai saye da ya yarda cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki. Ga albasa wannan na nufin a tsayar da iri, a san wace gona ce a cikin iyaka, a samu buhu mai alamar da ba a iya kwaikwayo, a kuma hukunta wanda ya gauraya ko da ɗan ƙungiya ne. Akwai kuma giɓin da manoma kaɗai ba za su iya cikewa ba. Shaidar OAPI tana aiki a Kwaddebuwa da Benin da Togo da Burkina Faso, amma Ghana, ɗaya daga cikin manyan masu sayen albasar Nijar, ba mamba ba ce, haka ma Najeriya. Kafin sunan Galmi ya samu kariya a kasuwannin Accra da Kumasi da Kano, sai an bi wata hanya daban an nema masa ita a waɗannan ƙasashe.